Turken Siminti a Kan Busasshiyar Rijiya

Zuwa ga Yayana abin girmamawata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da dukan mutanen gida. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, ya kuma sa kana shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda ka ga dama ba, domin Anti ta tsegunta mini cewa da zarar ciwon ya lafa sai ka tura kwalbar bayan rediyo ka ce ka warke. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Maigidan ya murmure daga murar da ta kwantar da shi, ya koma shagonsa yana faɗa da masu kawo masa kaya. Tagwayena sun gama jarrabawa; babban yana cewa lauya zai zama, kuma duk wanda ya ji yadda yake kare kansa in ya ƙi wanke kwano ba zai musa ba, ƙaramin kuwa ban da ƙwallo babu abin da ke gabansa. 'Yan ajina na bana masu kaifin kai ne, sai dai surutu kamar an buɗe kejin tsuntsaye.

Yaya, ka aike ni, na kuma je. Ga rahoton aikenka, kuma ina roƙonka ka karanta shi har ƙarshe kafin ka ninke takardar ka ce ai dama ka san halina.

Ka tuna abin da ka ce mini a waya. Ka ce tunda ni ce malamar da ke ba 'ya'yan mutane shawarar abin da za su karanta, kuma ni ce mafi kusa da garin da 'yarka take aiki, in je in dawo maka da Meyasa kan hanya. Har yau ina dariyar sunan nan da ka laƙaba mata tun tana 'yar mitsitsiya, saboda ko ruwa aka ce ta sha sai ta tambayi me ya sa. Ka ce ba ka ƙarar da ƙuruciyarka kana bin injin haƙar rijiya daga wannan ƙauye zuwa wancan ba don 'yarka ta yi digiri uku a binciken cututtuka, sannan ta ajiye farar riga ta koma mai karkaɗe ƙurar littattafai. Ka ce abokinka Farfesa ya riƙe mata gurbi a ɗakin gwaje-gwajensa har zuwa buɗe makaranta, in gaya mata ta karɓa. Abin da ba ka faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, amma dukanmu mun san yana nan tsakaninmu a wayar: ɗanka Marigayi, Allah ya jiƙansa, da ciwon sikilar da ya ɗauke mana shi, da alƙawarin da ƙanwarsa Meyasa ta yi maka tana 'yar sakandare cewa sai ta nemo maganinsa. Na san ba darajar aiki ce ta hana ka ɗaga wayarta duk watannin nan ba. Gani kake yi ta saki alƙawarin yayanta.

To, na shirya jawabina tsaf a cikin mota, kashi-kashi, yadda nake shirya darasi. Na isa laburaren jami'ar da hantsi. Ni a zatona zan tarar da ita bayan kanta tana buga wa littattafai hatimi. Sai mai gadin ƙofa ya ce in Dakta nake nema in hau bene, amma in shirya jira, don ba a samunta haka nan. Na ratsa ƙasa, inda ɗalibai suka duƙufa a dogayen tebura, shiru kamar ba mutane, sai ƙarar juya takarda da ta fanka. A sama na ga wani ɗan ɗaki mai bangon gilashi, a bakinsa benci, a kan bencin mutum uku suna jira. Ɗayansu likita ne da abin awon ƙirji rataye a wuyansa, gemunsa ya fi naka furfura, yana riƙe da takardunsa a cinya kamar ɗan makarantar da ya zo ganin hedimasta. Ina leƙawa ta gilashin na ga 'yarka. Ta ɗan yi ƙiba, Yaya, kuma duhun nan da ya zauna mata a ƙasan ido shekarun baya ya tafi. Da ta gan ni ta fito da gudu ta rungume ni, ta ce ta san ba ziyara ce kawai ta kawo Gwaggo ba, amma in zauna a kujerar lungu in huta, za ta saurari saƙon Baba da kunne biyu in ta sallami mutane.

Abin da na fara lura da shi, ba ta zama a bayan tebur baƙo yana gabanta. Kujeru biyu ta jera kafaɗa da kafaɗa, kwamfutar tana fuskantar su duka biyun. A gefen tebur akwai tukunyar fure da ke neman ruwa, da kofin shayin da ya huce, da wani tsohon hoto a firam wanda daga inda nake ban iya gane shi ba. Likitan nan ya shigo ya ce yana son duk abin da aka rubuta kan zazzaɓin jarirai. Ta ce masa in duka yake so, sai ya kawo babbar mota, kuma ya yi sallama da iyalinsa. Ya yi dariya. Sai ta shiga yi masa tambayoyi irin nata: wane jariri, ɗan wata nawa, me ya gani a ɗakin jinya da ya hana shi sukuni har ya hawo benen nan da gwiwa irin ta masu shekarunsa. A hankali, a hankali, sai ga shi ainihin damuwarsa ta fito, wata aba ce 'yar ƙarama game da jariran da aka haifa bakwaini. Shi kansa ya ce ashe wannan ce tambayarsa. Daga nan ta fara nema. Na ga dubban rubuce-rubuce sun bayyana a allon, tana tacewa tana tacewa, tana gaya masa dalilin jefar da kowane tuli: wannan a kan ɓeraye aka yi, wannan mutanen da aka gwada sun yi kaɗan, wannan masu shi da kansu sun janye shi. Har ya rage 'yan kaɗan da zai iya karantawa kafin ya koma zagayen marasa lafiya. Kuma duk matakin da ta bi sai ta rubuta, wai don in wani ya bi sawunta gobe ya iso inda ta iso. Ta ce mini wannan a ɗakin gwaji ta koye shi, abin da ba za a iya maimaitawa ba ba a yarda da shi. Shekaruna nawa ina koya wa yara kimiyya, Yaya, ban taɓa sanin akwai irin wannan aiki a duniya ba. Na zauna a lunguna baki buɗe.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ta ƙarshe a bencin wata ɗaliba ce mai shirin digiri na biyu, doguwa, mai saurin magana, idanunta suna ƙyalli. Ta shigo da fayil a ƙirji ta ce a kan sikila za ta yi aiki. Na dubi Meyasa, fuskarta ba ta canza ba. Yarinyar ta ce ta karanta cewa akwai wani sinadari da ake tatsowa daga ɓawon wata bishiya, wanda in aka zuba shi a kwalbar gwaji yake hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa. Ta ce duk mujallun da ta gani yabonsa suke yi, malaminta ya amince, har ta fara magana da asibitin yara don iyaye su riƙa kawo 'ya'yansu a ɗebi jini. Abin da take so kawai a tara mata waɗannan rubuce-rubuce ta sa a gabatarwa.

Kai ka san wannan sinadari, ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne wanda 'yarka ta ba shekarunta, wanda take dawowa hutu da shi a bakinta, daga baya kuma ta daina ambatonsa. Ni dai abin da na sani a lokacin, aikin bai yi ba. Sai ranar nan na ji yadda aka yi, don bayan an tashi ta ba ni labari. Ashe sinadarin yana aiki ne kawai in jinin yana da sanyin ɗaki. Da zarar an kai shi ɗumin jikin mutum sai ya lalace, ya zama kamar ruwa aka zuba. Ita kuwa ta daɗe tana zaton laifinta ne. Ta sauya na'ura, ta sauya kwalabe, ta sauya har ruwan da take wanke su, tana ta maimaitawa, iyaye suna ta kawo yara ana huda musu hannu. Sai a wani taron masana, lokacin shan shayi, wata tsohuwar masaniya daga wata ƙasa ta tsaya gaban allon aikinta ta karanta, ta girgiza kai, ta ce ai su sun gwada wannan tun Meyasa tana firamare, kuma a daidai nan ya mutu musu. Meyasa ta tambaye ta me ya sa ba ta ga haka a ko'ina ba. Tsohuwar ta ce mujallu ba sa son labarin abin da bai yi ba, su ma kunya ta hana su nacewa, sai suka zuba takardun a durowa suka kama wani aiki. Meyasa ta ce mini, Gwaggo, ba shekarun ne suka ƙona mata rai ba. Hannuwan yaran ne. Ta ce akwai wani yaro mai kama da Marigayi da yake juya fuska ya cije leɓe in an kawo allura, ba ya kuka, uwarsa tana ce masa ya daure ana nema masa magani ne. Jininsa aka ɗiba don amsa tambayar da amsarta take kwance a durowar wata tun kafin a haife shi.

Wannan ne ya fitar da ita daga ɗakin gwaji, ba gajiya ba, ba kuma kasawa ba. Ta koma aji ta karanci aikin laburare, tana zaune da yaran da ta girme su, ta zo nan ta roƙi shugabar laburaren ta ba ta dama ta buɗe wata ma'ajiya a kwamfuta, wadda kowane mai bincike a ko'ina zai iya shiga, inda ba a ajiye komai sai gwaje-gwajen da ba su yi nasara ba. Shugabar, wata dattijuwa mai barkwanci, ta ce mini da farko ta ɗauka yarinyar nan maƙabarta take son buɗe mata a bene. Meyasa ta riƙa bin malamai ofis-ofis tana roƙon su ba ta abin da suka ɓoye. Wasu suka kore ta, wani ya ce mata wa ya taɓa tallar faɗuwarsa. Da ta ga kowa yana noƙewa, sai ta sa nata a farko, da cikakken sunanta da naka a kai. Ta kuma rubuta wa tsohuwar masaniyar nan, ta yi ta naci har ta buɗe durowarta ta aiko. Yanzu ma'ajiyar ta cika, har daga wasu jami'o'i ake aiko mata.

To, wannan ma'ajiya ce Meyasa ta buɗe wa ɗalibar nan. Ta juyo mata allon ta ce ta karanta wannan rahoto kafin su tara na yabo. Ina kallon yarinyar tana karantawa, hasken fuskarta yana dushewa layi bayan layi. Ta kai ƙarshe, ta koma sama ta dubi sunan mai rahoton, ta waiga ta dubi sunan da ke manne a ƙofar gilashi, sannan ta dubi 'yarka. Ta ce cikin ƙaramar murya, ashe Dakta ce da kanta. Sai hawaye, ta ce shi ke nan aikinta ya rushe tun ba ta fara ba, me za ta gaya wa malaminta. Meyasa ta miƙa mata hankici, ta bar ta ta yi kukanta, sannan ta ja kujera ta matso ta nuna mata shafin ƙarshe. Ta ce mata nan ne ita ta tsaya, kuma nan ne tsohuwar ta tsaya: sun san ɗumi ne ke kashe shi, amma babu wanda ya taɓa bin diddigin me ya sa. Ta ce wannan tambaya ba ta buƙatar a huda hannun yaro ko ɗaya, a kwalba za a yi ta, kuma duk wanda ya amsa ta zai san ko a gyara sinadarin ko a rufe babinsa har abada. Ta ce mata ta fara daga inda suka gaji, kada ta fara daga inda suka fara. Yaya, na ga idon yarinyar nan ya sake kamawa kamar an hura garwashi. Ta share fuska ta jawo biro, suka duƙufa su biyu, kawunansu a haɗe, sun manta ina ɗakin. Shekarun da muka yi ta yi wa 'yarka jaje a kansu, waɗanda muke cewa sun tafi a banza, ga su a gabana sun zama tsani wata tana takawa. Ban taɓa ganin faɗuwar mutum ta yi wa wani amfani ƙiri-ƙiri haka ba.

Da yarinyar za ta fita ta tsaya a ƙofa, ta ce don Allah kada Dakta ta ji haushi, amma ba ta jin kunya duniya tana karanta inda ta kasa? Meyasa ta yi murmushi ta ɗauko hoton nan na gefen tebur ta nuna mata, ta ce a wurin babanta ta koya. Sai a lokacin na tashi na duba. Kai ne, Yaya, da hular ƙarfenka da ƙaton gashin bakin da kake ji da shi a lokacin, kana tsugune a wani fili, ita kuma tana tsaye kusa da kai da 'yar rigar makaranta, a tsakaninku wani guntun turken siminti.

Ka tuna shi? Ni na tuna, don a hutun nan ina gidanka. Kun yi ta haƙa a wani ƙauye, injin yana ta cin ƙasa, mutanen gari sun kewaye ku da bokitai, har kuka kai dutse babu ɗigon ruwa. Ma'aikatanka suka naɗe kaya suna son a gudu kafin a fara yi musu baƙar magana. Kai kuwa ka ce babu inda za a je. Ka kwaɓa siminti da hannunka ka kafa turke a bakin ramin, ka ɗauki ƙusa ka zana zurfin da kuka kai da irin dutsen da kuka tarar, ka sa sunanka a ƙasa. Direbanka yana ta mita wai Oga zai sa a daina ba su aiki. Meyasa ta ce ita ce ta ja maka riga ta yi tambayar da ta saba, kai kuma ka ce mata wani zai zo bayanka da injinsa, mutanen nan za su sake fitowa da bokitai, bai kamata a sa musu rai sau biyu a rami ɗaya ba. Ta ce duk rijiyoyin da ka haƙa suka ba da ruwa tana alfahari da su, amma wannan da ba ta bayar ba ita ce ta zauna mata a zuciya.

Da muka keɓe ta ce to, Gwaggo, ina saƙon Baba. Na buɗe baki, jawabin nan da na shirya kashi-kashi ya ƙi fitowa. Na dai gaya mata maganar gurbin Farfesa yadda ka ce, ban rage ba. Ta saurara kanta a ƙasa. Sannan ta gaya mini cewa shugabar laburaren ta ba ta takardar zama ma'aikaciyar dindindin, ita ma kafin buɗe makaranta ake son amsa, kuma in ta tafi babu wanda zai riƙe ma'ajiyar, don har yanzu ita kaɗai ta san kanta. Amma ba ta sa hannu ba. Ta ce ba za ta sa ba sai ta ji daga bakinka, kuma in ka ce ta koma ɗakin gwaji za ta koma, ba za ta yi maka musu ba. Ka san 'yarka, in ta faɗa haka za ta yi. Abu ɗaya ta roƙe ni in isar maka: wai ba ta manta da Yayanta ba ko na yini ɗaya. Ta ce mai yiwuwa ba hannunta ne zai riƙe maganin ba, amma tana so duk wanda Allah ya nufa da shi ya iso da wuri, kada ya ɓata shekarunsa a ramukan da aka riga aka haƙa.

Ni malamar makaranta ce, Yaya, aikina ke nan in dubi yaro in gane inda zai yi tsiro. Na sha ganin masu ƙwazo a wurin da ba nasu ba, suna yi, amma kamar mai tafiya da takalmin aro. Abin da na gani a ɗakin gilashin nan mutum ce a wurinta. Ba ina cewa ka daina jin zafin Marigayi ba, wa ya isa ya ce maka haka, ni ma da na goya shi ban daina ba. Hukunci kuma naka ne, kai ne uba, ni ƙanwa ce kuma 'yar aike. Amma ɗan aike na gari yakan faɗi abin da ya tarar. Akwai doka a laburaren cewa kowa ya kashe ƙarar wayarsa. Ƙarar tata a kashe take, amma ta ajiye wayar a gefen hoton nan fuskarta a sama, kuma duk lokacin da ta yi haske, ko tana tsakiyar magana, sai idonta ya kai can ya dawo. Yini guda na zauna ina ganin haka.

Ka gaishe mini da Anti ƙwarai, ka ce mata na gode da tsegumin magani, ta ci gaba. Ka gaishe da Inna in ka leƙa ta, ka gaya mata ina nan tafe in an yi hutu, ta daina cewa na yar da ita. Ina gaida Babbar Yaya da jikokinta, da Kawu mai ɗinki, da tsohon direbanka in yana nan yana mitarsa. Maigidan da tagwaye suna gaishe ka, babban ya ce in kana neman lauya a wannan shari'a, shi ya riga ya zaɓi ɓangaren yayarsa Meyasa. Ka kuma miƙa wa abokinka Farfesa godiyata bisa karamcinsa.

Game da aiken da ka yi mini, na je, na haƙa iya zurfin da zan iya, ban samo maka abin da ka aike ni nema ba. Shi ya sa na zauna na rubuta maka inda na kai da abin da na tarar, na kuma sa hannu a ƙasa, yadda na ga kana yi, don kada ka wahalar da wani ɗan aiken a wuri ɗaya. Abin da ya rage babu mai iya yinsa sai kai. Tana tashi daga aiki bayan la'asar, kuma lambarta ba ta canza ba.

Allah ya bar mana kai, ya sanyaya zuciyarka, ya jiƙan namu da ya riga mu.

Ƙanwarka da ka goya a kafaɗa,
Malama